Maƙwabci kafin gida: yadda munka zaɓi kartiye da munka tashi daga Niyok



Tun da munka kwashe kayanmu daga Niyok munka koma Girinsboro, cikin jihar Karolina ta Arewa, saƙonni ba su yanke mini ba. Wani haya ta shaƙe shi a Buronks, wani aiki ya kira shi Ohayo ko Indiyana, wani kuma iyalinsa ne za su taso daga Maraɗi ko Tawa yana neman inda zai sauke su. Tambayar kusan ɗaya ce: “Wane kartiye ne mai kyau?” Maimakon in riƙa amsa wa mutum ɗaya-ɗaya cikin dare, na ce bari in rubuta a nan, kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi. Na gida ma su karanta, don su san irin lissafin da ƴan uwansu ke yi kafin su sa hannu ga takardar haya.

A gida in za ka kama haya, a Zariya ta Maraɗi ne ko a Lazare ta Yamai, tambayoyinka sanannu ne. Akwai fanfo? Kuran na yawan ɗaukewa? Ruwa na kwanciya a layin da damina? Kasuwa da lakwal da masallaci suna kusa? Mai gidan yana da mutunci? A Amurka ma ana yin irin waɗannan, amma akwai wata tambaya da ba mu tashi da ita ba: in ɗana ya fito da magariba yana tafiya a ƙasa sanye da riga mai hula, mi maƙwabta za su gani, yaron kartiye ko ɓarawo? Wannan tambaya ita ta riƙe mu wata huɗu kafin mu tashi.

Shekara 11 munka yi a Buronks. Ba zan zagi wurin ba, don ya rufa mana asiri. Masallatai ga su nan, shagunan ƴan Afirka ga su nan, ka fito bakin titi ka ji Hausar mutanen Gana da ta ƴan Nijar kamar kana tasha. Amma mu biyar ne cikin ɗaki biyu, ni ina tuƙi, uwargida tana kitso, kuma rabin wahalarmu mai gida ke kwashewa. Babban ɗana ya kai shekara 14, ya fi ni tsawo, murya ta buɗe. Girinsboro kuwa gari ne da ƴan Nijar sunka daɗe da sani, akwai jama'armu da yawa, Hausawa da Zabarmawa, akwai aikin masana'antu da na manyan sito-sito, haya kuma da sauƙi in an gwada da Niyok. Nisan tafiyar kusan kilomita 900 ne, kamar daga Yamai zuwa Damagaram. Zaɓen gari bai ba mu wahala ba. Zaɓen kartiye shi ne aikin.

Garin nan an riga an raba shi tun ba a haife mu ba

Wanda ya san Yamai ya san yadda Turawan mulkin mallaka sunka ware wa kansu Plato, sunka bar ƴan ƙasa a ɗaya gefen kwarin Gunti Yena. To Amurka ta yi irin wannan a garuruwanta, amma da takarda da hatimi. Cikin shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin tarayya ta zana taswirar garuruwa fiye da 200, ta shafa wa kowane kartiye launi: kore, shuɗi, rawaya, ja. Kore shi ne inda banki zai ba da bashin gida hankali kwance. Ja shi ne “haɗari”, kuma kusan duk inda baƙar fata ke zaune ja anka shafa masa. A wasu kartiye kuma cikin takardar gidan ake rubutawa cewa ba za a sayar wa baƙar fata ba. Sai a 1948 kotun ƙoli ta ce kotuna ba za su ƙara tilasta wannan sharaɗi ba. Dokar da ta hana wariya wajen haya da sayen gida kuwa sai ranar 11 ga Afrilu 1968 anka sa mata hannu, mako ɗaya bayan kashe Martin Luther King.

Girinsboro na cikin garuruwan da anka yi wa wannan zane. Jami'ar Richmond ta tattara taswirorin ta sa a intanet, kowa na iya dubawa. Na buɗe ta garin, sannan na shiga mota na zagaya, sai na ga tsohon zanen yana nan a ƙasa. Gabashin gari, inda baƙaƙe sunka fi yawa, manyan kantunan abinci da bankuna ba su kai na arewa maso yamma yawa ba, gidaje kuma ba su kai su daraja ba. Warnersville, kartiyen da ƴantattun bayi sunka zauna bayan yaƙin basasa, an rushe mafi yawansa cikin shekarun 1960 da sunan gyaran gari.

Mi ya sa nake ba ku wannan tarihi? Don a nan adireshinka ba wurin kwana kaɗai ba ne. Shi ke faɗin lakwal ɗin gwamnati da ɗanka zai shiga. Yana shiga lissafin inshorar motarka. Shi ke nuna ko za ka samu kanti mai ɗanyen kaya kusa, ko kuwa sai ka yi tuƙin minti 20. In ba ka san wa ya zana garin ba, sai ka ɗauka talaucin wani kartiye laifin mutanensa ne.

Rami biyu

Baƙo kan faɗa ɗaya daga cikin rami biyu. Na farko arha. Ka ga haya ƙasa-ƙasa ka yi tsalle, ka shiga ka tarar da gini wanda mai shi ya manta da shi, ruwa na zuba, dare ya yi ka ji harbi. Wannan ramin kowa ya san shi, kuma duk ana gargaɗi a kansa.

Na biyu shi ne ba a cika faɗa ba. Allah ya buɗa maka, ka ce bari in kai ɗiyana kartiye mai tsit, mai ciyawa shar, lakwal mai babban maki. Ka shiga ka tarar ku kaɗai ne baƙaƙe a layin. Ba ina cewa duk kartiyen Turawa mugu ne ba, wallahi akwai mutanen kirki ƙwarai. Amma shiru daban, lafiya daban. Trayvon Martin yaro ne ɗan shekara 17, cikin wani kartiye mai katanga da ƙofa a Sanford ta jihar Fulorida anka harbe shi a watan Fabrairun 2012, yana dawowa daga shago, kuma wanda ya harbe shi ɗan sintirin sa-kai ne na kartiyen. Ahmaud Arbery, ɗan shekara 25, gudun motsa jiki yake yi a wani kartiye na jihar Jojiya a Fabrairun 2020, wasu mazauna wurin sunka bi shi da mota sunka kashe shi. Mu da matanmu ke sa hijabi akwai ƙari: a Fabrairun 2015, a Chapel Hill, tafiyar kamar awa ɗaya daga inda nake zaune yanzu, wani mutum ya kashe ɗalibai Musulmi uku, miji da mata da ƙanwar matar, a cikin gidansu. Maƙwabcinsu ne.

Duk waɗannan wurare in ka gan su a hoto za ka ce nan ne zaman lafiya. Shi ya sa hoto da makin intanet ba su ishe ka ba.

Wa za ka tambaya?

Nan ne nake son ƴan uwa su saurare ni da kyau. Akwai wata ɗabi'a cikin jama'armu ta ƴan Afirka: mutum ya sauka yau, gobe ya fara cewa “ka yi nesa da baƙaƙen ƙasar nan”. Ya ji a bakin wani, wanin ma a talabijin ya gani. To ka sani, ɗan sandan da ya tsayar da ɗanka ba zai tambaye shi daga Tasawa yake ko daga Alabama ba. Amadou Diallo ɗan Gine ne, baƙo kamar mu, a ƙofar gidansu a Buronks ƴan sanda sunka sakar masa harsashi 41 a Fabrairun 1999, ba makami a hannunsa. Fata ɗaya ake ganin mu.

Kuma mutanen nan su sunka share mana hanya. A Girinsboro ɗin nan, ranar 1 ga Fabrairu 1960, ɗalibai huɗu na jami'ar A&T sunka zauna a teburin cin abinci na kantin Woolworth da anka keɓe wa Turawa, sunka ƙi tashi. Abin ya bazu a kudancin ƙasar. Yau ginin ya zama gidan tarihi, na kai ɗiyana sun ga kujerun. Guguwar wannan gwagwarmaya ce ta taimaka anka canza dokar shige da fice a 1965, wadda ta buɗe ƙofa ga irinmu. Sun yi ɗaruruwan shekaru suna karanta garuruwan nan, sun san layin da ake murmushi da gaske da wanda ake leƙe ta taga. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. To ga masu ido nan kusa da mu.

Ni mutum uku sunka fi amfanata, kuma biyu daga cikinsu baƙaƙen Amurka ne. Ɗaya wanzami ne, na je aski na zauna awa biyu ina saurare. Ɗaya kuma dattijuwa ce, tsohuwar malamar lakwal, wadda wata ƴar uwarmu ke yi wa kitso. Na kai mata sunayen wurare biyar a takarda, na ce:

“Mama, in jikanki ne, ina za ki sa shi?”

Ta sa tabarau ta duba, ta ja layi a kan biyu. Ta ce:

“Ɗana, wannan gidajen na da kyau, amma yaronka zai gaji da bayanin kansa. Wannan kuma mutanen kirki ne, sai dai gari ya yi watsi da su, kai kuma kana aikin dare. Sauran ukun je ka gani da ƙafarka. Kada ka je sau ɗaya. Je ka da safe, je ka lokacin tashin lakwal, je ka daren Asabar.”

Na ukun ɗan Damagaram ne da ya shekara 20 a garin. Shi ya yi mana abin da mai gida ke yi wa fatake a zango: ya sauke ni a falonsa duk zuwan da na yi, ya nuna mini masallatai da inda ake sayen naman halal da gero.

Abin da munka duba

Na ɗaya, tafiya a ƙasa. Na ajiye mota na taka kowane layi, sau ɗaya ni kaɗai, sau ɗaya da uwargida da hijabinta. Wa ya ɗaga hannu? Wa ya shige gida ya ja ƙofa? Akwai yara a waje, kuma kala nawa ne? A wani wuri ba mu yi minti goma ba wani ya fito da waya a hannu yana tambayar wa muke nema. A wani wurin kuma wata mata ce ta tsaya ta ce in gidan kwana ne muke dubawa, mu tambayi mai shi zancen rufin, don ta ga yana yoyo.

Na biyu, tutoci da alluna. Akwai wata jar tuta mai gicciyen shuɗi da farin taurari, ta ɓangaren kudu ce da ya yi yaƙi daga 1861 zuwa 1865 don bauta ta ɗore. Masu kafa ta kan ce tarihin kakanninsu ne. Ni dai inda na ga biyu ko uku a layi ɗaya, na gode Allah na wuce.

Na uku, lakwal. Makin da ake ba lakwal a intanet yawanci daga sakamakon jarrabawa yake, kuma sau da yawa aljihun iyaye yake nunawa. Mun je da kanmu lokacin tashi munka tsaya bakin ƙofa. Mun nemi ganin shugaban lakwal, munka tambaya: akwai malamai baƙar fata? Yara nawa ake kora gida don horo, kuma su wane ne? Akwai mai taimaka wa yaron da Turancinsa bai nuna ba? Yarinya za ta sa ɗankwalinta ba tsangwama? Yadda mutum ya karɓi tambayar kaɗai ya isa amsa. Wani ya saki fuska ya kawo takardu, wani ya fara duban agogo.

Na huɗu, hirar mutanen kartiye. Kusan kowane wuri yana da rukuninsa a Facebook ko a manhajar Nextdoor. Wannan ita ce fadarsu. In ka samu mai nuna maka, karanta na wata guda. In zancen ɓataccen kare ne da neman mai gyaran fanfo, to madalla. In kullum hoton wani baƙin yaro ne ana cewa “wa ya san wannan?”, ka ga abin da ke jiran ɗanka. Ka kuma tambaya ko akwai ƙungiyar masu gidaje, don wasu suna da dokoki har na yawan motocin da za su tsaya ƙofarka, kuma suna cin tara. Mu da ranar suna mota 15 ke zuwa, dole mu sani tun da wuri.

Na biyar, nisa da jama'armu. Ba lalle ka zauna gini ɗaya da ƴan garinku ba, amma a gari irin wannan komi sai da mota. Munka sa wa kanmu iyaka: kada masallaci da gidajen ƴan uwa su wuce tuƙin minti 20. Ranar haihuwa, ranar ciwo, ranar rasuwa, sai naka.

Na shida, dillali da mai gida. Yawancin masu gida suna son albashinka ya ninka haya sau uku, suna duba makin bashinka, suna karɓar kuɗin ajiya. Wannan kowa ake yi wa. Wanda ba kowa ake yi wa ba shi ne a riƙa karkata ka. Wani dillali duk gidan da ya nuna mana gefe ɗaya na gari ne, alhali kuɗinmu ya kai wasu wuraren. Wani gida kuma da safe a waya anka ce yana nan, da munka iso da azahar anka ce an kama, bayan sati biyu tallarsa na nan a intanet. Ba sabon abu ba ne. A 2019 jaridar Newsday ta fitar da binciken da ta yi a Long Island, kusa da Niyok, inda ta riƙa tura wa dillalai mutum biyu masu kuɗi ɗaya, fata daban. Kusan rabin lokutan, kashi 49 cikin 100, ba a yi wa baƙar fata daidai da Bature ba. Doka ta hana a ƙi ka don launinka, ko addininka, ko ƙasar da ka fito, ko don kana da yara. Kana da shekara ɗaya ka kai ƙara ma'aikatar gidaje ta tarayya, wadda ake kira HUD, kuma ba a biyan ko dala. Ka riƙa ajiye saƙonni, ka rubuta rana da awa. Sannan kai ka kai wa dillali jerin wuraren da kake so, kada ka bari shi ya zaɓa maka.

Inda munka sauka

Kartiyen da munka kama ba zai ci gasar kyau ba. Gidajen tsofaffi ne, lakwal ɗin makinta tsaka-tsaki ne, kuma da mun ƙara kuɗi kaɗan da mun samu gini sabo fil a bayan gari. Amma a layinmu, hannun dama tsohon ma'aikacin gidan waya ne baƙar fata, hagu iyali ne ƴan Meziko, gaba da mu wata tsohuwa Baturiya mai noman tumatir a bayan gida, can ƙarshe kuma mutanen tsaunukan Biyetnam ne, waɗanda suke da yawa a garin nan. Inda kowa ya saba ganin wanda bai yi kama da shi ba, ba a firgita da sabuwar fuska.

Satin farko na sa babban ɗana ya yi wanka ya sa riga mai kyau, munka bi gida-gida, ƙofa tara. Kowace ƙofa na ce: “Mu ne sababbin maƙwabtanku, wannan ɗana ne, ga sunansa, za ku riƙa ganin shi yana dawowa daga ƙwallo da yamma.” Yaron kamar ƙasa ta tsage ya shige don kunya. A hanya ya ce:

“Baba, dole ne sai mun yi wannan?”

Na ce masa dole ne, ina son duk wanda ya hango shi cikin duhu ya riga ya san sunansa. Bai ƙara magana ba, don ya gane. Abin da ciwo a ce uba sai ya yi haka, amma ciwon bai kai na rashin yi ba.

Da layya ta zo, uwargida ta soya nama munka rarraba wa layin gaba ɗaya, kamar yadda ake yi a gida. Tsohuwar nan ta maido kwanon cike da tumatir. Dattijon gidan waya kuwa yanzu shi ke kira na in ya ga an bar ƙofar garejinmu buɗe, kuma shi ya zaunar da ɗana ya koya masa abin da zai yi in ɗan sanda ya tsayar da shi: hannu a fili, ba gudu, ba gardama, gardamar a bar wa lauya. Na taɓa gaya masa haka, amma daga bakin wanda ya shekara 70 a ƙasar ya fi shiga.

Ba wurin da ke da tabbas, tsaro na Allah ne. Amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Duk mai shirin tashi da iyali, kada gaggawa ta sa shi sa hannu daga nesa. Ya ɗauki hutun kwana uku ya je ya taka wurin, ya sauka wajen ɗan uwa, ya shiga shagon wanzami, ya gaida dattawan baƙaƙen garin ya tambaye su da ladabi. Kuɗin mai da na kwana uku ba su kai hayar shekara guda a inda ɗiyanka ke tsoron fita ba.

Ƴan uwa na Harrisburg, da Indiyanapolis, da Kolombus, da ma na Faransa da Beljik, ku ƙara mana da abin da kunka gani a naku wuraren, don na baya su amfana. Allah ya haɗa mu da maƙwabta na gari, ya tsare mana zuri'a, ya maida kowa gida lafiya. Amin.